Daga Kano zuwa Damagaram da motar da ba ta silo

Ɗaurin auren wani ɗan'uwanmu ne ya kai mu Damagaram, kuma tun ranar da aka sa rana Kawu ya rantse da motarsa za a je, ba ya son jin zancen tasha. Motar Peugeot 504 ce doguwa mai kujeru layi uku, haɗin Kaduna. Kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kakuri a 1975, ita kuwa 504 an ci gaba da fitar da ita a Nijeriya shekaru masu yawa bayan Faransa ta daina yin ta. Ta Kawu 'yar shekarun 1980 ce, a gwanjo ya saye ta, kuma yawancin kwanakinta a rumfar ƙofar gida take yin su, sai ranar Juma'a ko in an yi rasuwa a ƙauye. Ni ne a sitiyari saboda idanun Kawu sun fara rauni. Hajiya matarsa da 'yarsu suna tsakiya, ƙanena yana can baya a matse tsakanin buhun shinkafa da katan-katan na taliya.

Mun fito bayan sallar asuba, cikin hunturu, hazo ya rufe gari. Na ja cok, bugu ɗaya ta tashi. Har muka wuce Dawanau, inda manyan motoci suka yi jerin gwano suna jiran lodin hatsi da riɗi, ban ji komai ba. Da inji ya ɗumama na mayar da cok, muka miƙi hanyar Dambatta tana cin tamanin zuwa casa'in lafiya ƙalau. Kawu har ya fara ba ƙanena labarin yadda a zamaninsu ba a ɗaukar mutum babban ma'aikaci sai an gan shi a Fijo.

A shigar Dambatta, wurin tudun nan da ake yi a titi don rage gudu, na ɗage ƙafa daga totur na taka kuloci da birki. Sitiyari ya yi karkarwa, jar fitilar batir ta ƙifta, sai ɗif. Na murza makulli ta tashi nan take, muka ci gaba. A tudu na gaba ta sake. Hanyar Kano zuwa Daura kuwa hanya ce ta tsaye-tsaye: ga tudun rage gudu a kowane gari, ga shingayen jami'an tsaro, ga awaki. Duk wurin da za a tsaya sai ta mutu. A wani shinge, jami'in da ya leƙo ya dubi motar ya dubi Kawu, ya ce, "Baba, wannan ai ta girme ni, ku lallaɓa ta." Kawu bai yi dariya ba.

Kafin Kazaure na lura da abu biyu. In na tsaya ban taka birki da ƙarfi ba, takan yi ta jijjiga tana sama tana ƙasa, amma ba lallai ta mutu ba. In kuma na ɗan jawo cok kaɗan, sai jijjigar ta ragu. Haka na riƙa yi, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a cok. Kawu ya ce mai ne, galan ɗin da yaro ya sayo masa wurin 'yan bumburutu shekaranjiya. Hajiya ta ce tsufa ne, kuma ba motar kaɗai take nufi ba.

A Kazaure muka ratse gindin wata darbejiya inda wani matashin bakanike yake da 'yar rumfa, duwatsun garin suna bayansa cikin hazo. Yaron yana da zafin nama. Ban gama bayani ba ya ɗaga bonet ya ce, "Silo ne ya yi ƙasa, Alhaji." Silo shi ne juyin da inji ke yi da kansa in ba a taka totur ba. Ya sa sukudireba a kan ƙusar da ke tokare totur ya murɗa ta ciki, inji ya ɗaga murya. Ya ciro fulogai ya goge su da burushin waya, ya kwance silo jet ya zura masa silin waya ya hura da baki ya mayar. Duka bai fi minti ashirin ba. Muka biya muka tafi.

Gaskiya ta daina mutuwa a kowane tudu. Amma yanzu in na tsaya sai ta yi ta gurnani sai ka ce ina taka totur, giya ɗaya ba ta shiga sai da ƙara, kuma da muka tsaya Hajiya ta sayi ƙosai na kashe makulli, inji ya ci gaba da bugawa yana kakari na ɗan lokaci kafin ya yi shiru. Sannan a wani shinge da na taka birki da ƙarfi saboda wani mai babur, ta sake mutuwa kamar ba a taɓa ta ba. Ƙara silo shi ne maganin da aka fi ba tsohuwar mota a bakin titi, kuma na fahimci dalili: yana da sauri, mai mota yana jin canji nan take, bakanike ya karɓi kuɗinsa kafin ciwon ya dawo. Ni dai a ganina ba gyara ba ne, rufe bakin motar ne don kada ta faɗi abin da ke damun ta.

Mun shiga Daura da hantsi. Wani mai shayi da muka tambaya ya ce in Fijo ce kada mu ɓata lokaci, akwai wani dattijo a bayan tasha, shi ya riƙa gyaran motocin haya na layin Kano tun ana yayin 404. Muka same shi zaune a kan benci yana jan carbi, yaransa suna ƙarƙashin wata Golf. Bayan gaisuwa bai tashi ba. Tambayoyi ya fara yi, kuma ni ya fuskanta tunda ni ke tuƙi.

"Samari, da sanyin safiya ta yi maka haka, ko sai da ta yi zafi?"

Na ce sai da na mayar da cok.

"A kan gudu tana sarƙewa?"

Na ce ko kaɗan.

"In ta mutu, tana wahalar tashi?"

Na ce bugu ɗaya.

"Tana baƙin hayaƙi? Kana jin warin fetur?"

Na ce babu. Na ƙara da zancen birki da na cok. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, ka riga ka gaya mini rabin aikin." Sai a lokacin ya miƙe.

Abu na farko da ya yi shi ne warware aikin Kazaure. Ya sassauta ƙusar nan har inji ya dawo yana rawa yana neman mutuwa. Kawu ya ce, "Malam, ai ka dawo da ita gidan jiya." Dattijon ya ce, "Alhaji, in ba ta yi ciwon a gabana ba, me zan gyara?" Ya bayyana mana cewa in aka buɗe totur da ƙusa fiye da ƙima, motar ta bar hanyar man silo ke nan ta koma shan mai ta wasu ƙananan ramuka da aka yi don lokacin da ake fara taka totur. Daga nan duk yadda ka juya ƙusar daidaita mai ba za ta ji ba, ga shan mai, ga bugawa bayan an kashe makulli.

Sannan ya bi ta wuta. Injin 504 a kishingiɗe yake gefe guda, fulogansa kuma suna can cikin dogayen ramuka da suka ratsa murfin bawul, shi ya sa sai da doguwar sifana ake kai musu. Ya naɗe hannu da tsumma ya riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya inji yana aiki. Duk wadda ya zare sai inji ya ƙara faɗuwa, ya mayar ya dawo. Ya ce da akwai wadda aka zare ba a ji bambanci ba, to wannan silinda ba ta aiki, sai a nemi dalili a fulogi ko waya ko bawul. Huɗun duka suna aiki. Ya leƙa ramukan da tocila ya ga ɗaya ya tara ɗan baƙin mai, ya ce robar bakin ramin ta gaji, a canza in an koma gida, amma ba ita ce ta yau ba. Ya kuma ja wa yaransa kunne a gabanmu cewa a Fijo silinda ta ɗaya ita ce ta wajen kuloci, ba ta wajen lagireto ba, kuma jerin wutar 1-3-4-2 ne. Wanda ya ƙirga daga gaba zai haɗa waya a karkace ya yi ta zagin mota.

Ya kashe inji ya buɗe murfin distiributa, ya duba cikinsa ko akwai tsaga ko zanen baƙi, ya duba ɗan gawayin tsakiya. Ya sa ƙanena ya tura motar a giya huɗu kaɗan-kaɗan har bakin kwantak ya buɗe iyakar buɗewarsa, ya zaro ma'aunin nan mai siraran ƙarafa daga aljihun gaba ya zura. Ratar ta kamata ta zama milimita 0.4, tamu ta matse ƙasa da haka domin ɗan dunduniyar da ke gogar gindin ya cinye. Ya daidaita, ya shafa ɗigon giris a wurin gogayyar. Ya ce ratar kwantak in ta matse tana ja wa tayimin baya, mota ta rasa kuzari a silo. Da aka tayar, ta ɗan gyaru. Ta ɗan gyaru kawai. Rawar tana nan.

Nan ne ya yi abin da ya fi burge ni. Ya cire tukunyar iyakilina gaba ɗaya, bakin kafireta ya fito fili, kafireta Solex mai maƙogwaro biyu. Ya ɗora tafin hannunsa a kai a hankali ya rufe kusan rabi. Ni na zaci za ta shaƙe ta mutu. Sai ga inji ya ɗaga, ya daidaita, rawar ta ɗauke. Ya ɗage hannu, ta dawo. Ya sake, ta sake. Ya dubi Kawu ya ce, "Alhaji, motarka iska take sata."

Bayanin da ya biyo baya ban taɓa jin wanda ya yi shi a sauƙaƙe haka ba. Injin fetur yana son iska da mai a kan ma'auni, wajen kashi 15 na iska ga kashi ɗaya na mai in an auna da nauyi, kuma kafireta ce mai awon. Duk iskar da ta shiga ta wata kafa a bayan kafireta, ba a auna mata mai ba. A silo totur a rufe yake, inji yana zuƙa da ƙarfi ta 'yar ƙaramar hanya, don haka ko tsaga ce kamar ta farce sai ta shigo da iska mai yawa a kan ɗan man da ake ba shi. A kan gudu kuwa totur a buɗe yake, iskar da ke wucewa ta halal ta ninka ta satar sau da yawa. Ya ce, "Kofin ruwa ɗaya in ka zuba a miyar mutum biyu ka ɓata ta. Zuba shi a tukunyar biki, wa zai sani?" Cok da nake ja yana rage iskar gaba ya ƙara mai, tafin hannunsa ma aikin da ya yi ke nan. Da a ce mai ne ya yi yawa, irin obafulo ɗin da fulot ke jawowa in ya huje ko allurarsa ta ƙi rufewa, da rufe bakin ya kashe ta, da kuma mun ga baƙin hayaƙi da fulogai masu kunkunniya. Namu fulogan fari-fari ne, duk da gogar da aka yi musu a Kazaure.

Saura a gano kafar. Ya lissafa wuraren da ɓarauniyar iska ke bi a irin wannan injin: gasket ɗin gindin kafireta, sandar totur in ta cinye mazauninta, ɗan siririn tiyon da ke zuwa distiributa, tiyon numfashin inji, da babban tiyon da ke zuwa tukunyar birki. Ya ɗauko guntun tiyo ya kafa baki ɗaya a kunnensa, ɗaya bakin yana yawo da shi a jikin inji yana neman shiiii. Ya karɓi buta ya ɗiɗɗiga ruwa a gindin kafireta yana sauraron ko murya za ta canza. Wasu da fetur suke wannan gwajin, in inji ya ɗaga an sami wurin, amma ya ce shi ba ya watsa fetur a inji mai zafi tun da ya ga mota ta ƙone ƙurmus a gaban mai ita. Gindin kafireta lafiya. Sai ya ɗauki filaya ya matse babban tiyon birki daga wajen inji.

Motar ta yi tsit ta koma wani irin sauti mai daɗi, tik-tik-tik, wanda na manta tana da shi. Hajiya daga cikin mota ta ce, "A'a!"

Ya zare tiyon ya miƙo mini. Ta sama lafiyayye ne, sai dai ya bushe ya yi tauri. Da ya lanƙwasa shi sai ga tsaga ta buɗe baki a ƙasa, dab da inda yake shiga tukunyar birki, tsawonta bai kai gaɓar yatsa ba, gefenta ya yi fari da ƙura saboda iskar da take zuƙa. Ya ce ga amsar zancen birkinka: in ka taka da ƙarfi inji yakan ɗan rusuna gaba a kan robobinsa, ya ja busasshen tiyon, tsagar ta wage, a daidai lokacin da totur yake rufe. Ba ta da zaɓi sai ta mutu.

Bai yarda ya tsaya nan ba sai da ya gwada tukunyar birkin kanta, domin in fatar cikinta ta yage alamun kusan ɗaya ne. Ya yanke wurin tsagar, ragowar tiyon ta kai, ya mayar ya ɗaure da kilif. Ya sa na kashe inji na yi ta taka birki har ya yi tauri, na riƙe shi a take, na tayar da mota. Feda ta ɗan nutse ƙarƙashin ƙafata. Ya ce haka ake so, tukunya lafiya. Ya gargaɗe ni da abu biyu. Kada in bari kowa ya toshe tiyon nan da ƙusa ko tsohon fulogi don a gyara silo, domin silo zai gyaru amma birki zai koma dutse, ga mota cike da mutane da kaya. Kada kuma a sa mini tiyon ban-ruwa a madadinsa, zuƙar inji za ta manne shi.

Da ya ji an zura wa silo jet waya sai ya girgiza kai. Jet tagulla ne, ramin an auna shi, waya tana faɗaɗa shi. Da fetur ake wankewa a hura. Ya ɗaga namu ya hango rana ta cikinsa ya ce Allah ya taimaka bai yi ɓarna ba. Sannan ya mayar da iyakilina bayan ya kakkaɓe ƙurar hunturu da ta cika shi, ya bar inji ya yi zafi sosai, ya zauna daidaita silo. Ƙusa biyu ce: ta totur da ta mai. Ya sa ta totur a inda inji ke juyi wajen 800 zuwa 900 a minti, da kunne, ba agogo. Ya riƙa warware ta mai kaɗan-kaɗan har inji ya kai iyakar ɗagawarsa, ya rage da ta totur, ya sake, sannan ya ɗan mayar da ta mai ciki. Ya sa na kunna manyan fitilu na taka birki da ƙarfi sau da yawa. Ko gezau.

Ina jiran ya wanke hannu na tsaya kallon babban ɗansa da ke fama da Golf ɗin nan, ita ma ciwon silo ne ya kawo ta. Ita injekta ce, ba ta da jet ba ta da kwantak, kwamfuta ce ke awon mai. Ya ce a irin waɗannan abin da ya fi kawo musu aiki shi ne dattin da ke taruwa a maƙogwaron totur da bawul ɗin da ke ba inji iska a silo, sai na'urar auna iska in ta yi ƙura, sai kuma ita dai wannan satar iskar ta tsagaggen tiyo. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 duk suna da soket ɗin da ake jona na'ura a karanta laifin, amma ya ce na'urar cewa kawai za ta yi mai ya yi ƙaranci, ba za ta nuna maka tsagar ba. Uban daga wurin buta ya ce, "Gaya masa dai."

Kawu ya tambayi abin da za a bayar, dattijon ya ce abin da ya sauwaƙa. Sai da aka yi ta ja kafin ya karɓa, kuma bai kai abin da muka biya a Kazaure ba. Da za mu tafi ya nuna 'yar filtar mai ta roba da ke kafin famfo, ya ce ya ga ja-ja a cikinta, mu sayi sabuwa mu riƙe a mota. Muka saya a shagon da ke kallon garejin.

Tunda an shigo Daura, Hajiya ta ce sai ta kai 'yarta rijiyar Kusugu, inda labari ya ce Bayajida ya kashe macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Rijiyar tana cikin gini yanzu, ana ɗebo wa baƙi ruwan su sha. Muka sha, muka yi azahar, muka kama hanyar Mai'aduwa. Ba ranar Lahadi ba ce, don haka filin kasuwar dabbobin nan da ke cika da shanu da raƙuma daga Nijar fayau yake. A Kwangwalam aka duba takardunmu da na mota, aka sake dubawa a Ɗan Barto ta ɓangaren Nijar, muka canji sefa, muka biya kuɗin hanya a wurin igiya. Duk tsawon zaman layin nan motar tana kunne tana tik-tik, ba wanda ya kula da ita.

Daga iyaka zuwa Matamai da Kance ƙasar ta buɗe, rairayi da gonakin gero da aka girbe, sai itatuwan gawo birjik a cikin gonaki, kore shar a tsakiyar rani, tunda shi gawo da damina yake zubar da ganye. Manoman wannan yanki sun daɗe da barin sarar 'ya'yan itacen da suka tsiro da kansu a gona, kuma ana ganin amfanin abin daga kan titi. Kawu ya yi barci. Ni ma na saki jiki.

Tsakanin Kance da Takeita, a wani ɗan hawa, ina kan tamanin, sai na ji totur ya zama fanko. Ta ja, ta saki, ta ja, ta saki, ta mutu a kan gudu. Na gangara gefe. Kawu ya farka yana cewa dattijon nan ma ashe aikin banza ya yi. Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, wannan wani ciwon ne daban." Na safe a tsaye yake kama ta ya sake ta a kan gudu, wannan a kan gudu ya kama ta. Bayan 'yan mintoci na murza ta tashi, silo lafiya lau, amma ina taka totur na ɗan lokaci sai ta shaƙe. Mai ne ba ya isowa da yawan da gudu ke bukata. Na fara buɗe murfin tanki in ji ko zai yi tsaki, domin in ramin numfashinsa ya toshe haka take yi. Shiru. Na duba filtar nan: ta cika da jan laka har takardar cikin ba ta ganuwa. Allurar mai ta sauka ƙasa da kwata, ga girgizar hanya, duk abin da ya kwanta a gindin tanki ya taso.

Na zare ta, na sa ƙanena ya kafa kunne a bakin tanki na hura tiyon baya har ya ji ɓulɓul, na ɗaura sabuwar ina lura da kibiyar da ke nuna inda mai ke bi. Na zazzage tsohuwar a cikin gorar ruwa da muka shanye. Da ta natsa sai ga tsatsa a ƙasa, da wasu 'yan ƙwallayen ruwa suna birgima a ƙarƙashin fetur. Kawu ya karɓi gorar ya ɗaga ta sama ya ce, "Ban gaya muku mai ne ba?" Wataƙila galan ɗin nan yana da nasa laifin. Amma tsatsa ba a kwana biyu take yi ba. Tankin ƙarfe da ke wuni da kwana rabinsa fanko a rumfa, raɓa tana taruwa a cikinsa wata da watanni, shi ke haifar da ita. Wannan bayanin na bar shi a cikina, muna da sauran tafiya tare.

A Takeita muka hau babban titin da ya taso daga Yamai ta Maraɗi da Tasawa, muka cika tanki a gidan mai, muka yi gabas. Ana kiran magariba muka fara hango manyan duwatsun nan masu santsi da Damagaram ta zauna a tsakaninsu. Gidan bikin yana Birni, tsohon gari, 'yan taku kaɗan daga fadar Sarkin Damagaram. Lungunan ba a yi su don doguwar Fijo ba, sai da yara suka yi mana jagora muna shafar katanga. Garin Sarki Tanimu ne, wanda ya kewaye shi da ganuwa ya kuma tara bindigogi a ƙarni na 19, kuma nan ne babban birnin Nijar a hannun Faransawa har 1926 da aka mayar Yamai. Washegari bayan ɗaurin aure muka zaga Zango, unguwar fatake, inda har yanzu akwai gidajen ƙasa masu zanen ado a fuska da zankwaye a kan soro, irin waɗanda a Kano siminti ya kusa cinyewa. Ruwa kuwa a garin da tsada yake, masaukinmu da jarka ake kawo shi, kowa da butarsa a ƙididdige.

Mata suna can suna hidimarsu, ni da wani ɗan'uwan ango muka kai motar gareji kusa da kasuwar Dole. Bakaniken ya sauke tanki, ya juye man a baho ta cikin ƙyalle, ya zuba tsakuwa da ɗan fetur a ciki, shi da yaronsa suka kama gefe-gefe suna girgizawa. Abin da ya fito ya kusa cika gwangwanin madara, jan gari da ɓarɓashin ƙarfe. Ya ɗauraye har sau uku, ya shanya shi a rana, ya mayar. Ya samo mana tiyon birki na ainihi daga wata 504 da aka yanka, mai laushi, ya canza wanda aka yanke a Daura, ya duba buji da delko, wato fulogi da distiributa, ya ce wanda ya daidaita su ya san aikinsa.

Shi ne kuma ya kama sandar totur ya girgiza ta ya nuna mini tana ɗan motsi a mazauninta. Ya ce nan ma iska tana shiga kaɗan, shi ya sa in inji ya yi zafi sosai za ka ji wata 'yar rawa can ƙasa-ƙasa. Gyaransa sai an kai wa masu injin ƙira sun sa mata sabon bushi, ko a sami wata kafiretar a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, amma za ta kai mu gida ba fargaba. Na kawo wa Kawu lissafin, jaka goma sha biyu ta sefa har da kuɗin tiyo. Ya juya shi zuwa naira a kansa, ya yi salati, ya biya, sannan ya ce tunda an ƙara mana fasinja biyu da ƙullin kilishi, mu koma ta Magarya da Babban Mutum, yana da aboki a Ɓaɓura da rabonsa da shi tun kafin a rufe iyaka a 2019.